Suna na Tara a Faifan Kaka Martina

Mista Wilfred Kambai ya ce kunne irin nasa babu shi a Kafanchan, kai har Jos ma sai an bincika. Ya ce a wata taran da ya yi a Ingila yana kwas ɗin aikin reluwe, wani Bature ya ɗora masa na'ura a kai, ya gwada kunnuwan, ya cire tabarau ya goge, ya sake gwadawa. Ya ce tun daga ranar, in ƙara ta fito daga inji, shi zai gaya maka ko daga waya ne, ko daga allura, ko mai waƙar ce ba ta karya kumallo ba. Ya faɗa a tasha, ya faɗa a bakin coci, ya faɗa a shagon ɗinkin Edna ranar da ya kawo wando a buɗe masa ƙafa. Edna tana da fil uku a baki lokacin, shi ya sa ba ta ce komai ba.

Shekararsa ashirin da biyar. Yana yawo da lofe a baki, amma ba ya zuba taba a ciki, don tana sa shi tari. Ɗan ƙauyen su Edna ne, can bayan Zonkwa. A gida Kumai ake kiransa, sai dai tun da ya dawo ba ya juyowa in an kira shi haka.

Abin da ba a musu a kai shi ne garmahonsa. Wannan kam ya zo da shi, mai aiki da lantarki, da sifika biyu masu tsayin yaro ɗan shekara biyar. A kwatas ɗin reluwe yake zaune inda akwai wuta, kuma kowace yamma sai ya buɗe taga don unguwa ta amfana da waƙoƙin kaboyi.

Edna ba ta taɓa neman shiga falonsa ba sai a watan Nuwamba na 1978, shi ma saboda kakarta.

Kaka Martina tana cikin mata tara da suka fara zumuntar mata a ƙauyen, shekara ashirin da biyar da suka wuce, a gindin wata ɗorawa. Su suka tsara waƙar zumuntar da yaren gida, baiti huɗu. Uku na farko kowa na yi. Na huɗu kuwa sunayen su taran ne a jere, kuma ba mai rera shi sai su. Haka suka ajiye al'adar. Ana tafiya ana raguwa, har ya zama kowace shekara Kaka ce kaɗai ke miƙewa ta kira sunayen, mata su amsa. Ba wanda ya rubuta. Me za a rubuta, ga Kaka?

Sai bara ta kwanta ciwo. Ta tashi, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, sunaye ne ba su dawo ba. Tana ganin fuskokin. Za ta ce maka mai wushirya, za ta ce mai ɗingishin nan da ke dafa wake da yawan gishiri. Suna kuwa, sai ta buɗe baki ta rufe.

Ran Asabar za a yi bikin cika shekara ashirin da biyar. Da aka ce kowane gida ya faɗi abin da ya tuna, sai aka tashi da mata ashirin da uku da suka kafa zumuntar su tara. Har wadda lokacin tana goye an kawo sunanta.

"Na zubar da 'yan'uwana a hanya, Edna," in ji Kaka. Ba kuka take yi ba, zaune kawai take tana kallon tafin hannunta. "Su suka bar min in riƙe. Na zubar."

A nan ne Edna ta tuna da faifan. Shekarar da aka fara zumuntar, wani Bature ya zo da akwatin ɗaukar murya, ya sa su suka yi waƙar. Bayan shekaru aka aiko musu da faifai guda ɗaya tak. An saurara sau biyu a gidan mishan, daga nan ya shiga akwatin ƙarfen Kaka, cikin zane, ƙarƙashin kayan zuwa coci. Ƙauyen ba garmaho. Faifan ya yi shekara ashirin yana kwance da mata tara a cikinsa.

Ran Laraba Edna ta rufe shago, ta hau jirgi ta ɗauko Kaka da faifan. Ƙarfe huɗu na yamma suna ƙofar Mista Wilfred.

Ya karɓe su da naktaye a wuya. Ya rusuna wa Kaka rabin rusunawa, irin ta wanda ba ya so gwiwar wando ta lotsa.

"Mama, sannu da hanya. Edna, a cire takalmi. Kada a taɓa komai. Yu si, wannan inji ko ƙura ba ya so, balle yatsa."

"Sannu, Kumai," in ji Kaka. "Ka yi ƙiba."

Garmahon na kan tebur a tsakiyar falo. Edna ta tsaya ta dube shi. Katako mai sheƙi, farantin ƙarfe mai juyawa, ga wani siririn hannu na azurfa da ya miƙo daga gefe, allura a bakinsa ƙanƙanuwa har ido bai cika kama ta ba. A kan farantin an shimfiɗa wani farin leshi mai huda-huda, irin wanda ake rufe kofin shayi da shi.

Edna aji huɗu ta yi a firamare. Sauran karatun a kan keken ɗinkinta ta yi shi. Ta kwance shi ta ɗaura ya fi sau goma, da littafinsa a gefe da ƙamus a cinya. Abu ɗaya da ta sani ba tantama shi ne, allura in ta shiga a karkace, yadi ne ke shan wahala. To hannun garmahon nan ba a kwance yake ba. Gindinsa ya ɗaga sama, bakinsa ya dunguri ƙasa, kamar kaza na tsattsagar tsaba.

Ba ta kai hannu ba tukuna. Gidan mutum ne.

Mista Wilfred ya zare faifan daga zanen da yatsu biyu, ya hura, ya ɗora a kan leshin. Ya sauke allura.

Aka ji ƙas-ƙas, sai ga kiɗan tulu, sai ga mata. Muryar tana fitowa kamar daga cikin gwangwani, a shaƙe, da kaushi, amma su ne. Kaka ta dafe hannun kujera. Baiti na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Allurar na matsawa ciki, muryoyin na ƙara tsagewa. Ko da aka kai na huɗu, kusa da takardar tsakiya, ba abin da ke fitowa sai shuuu da tartsatsi, kamar an jefa ƙosai a mai. Daga nan allurar ta yi tsalle, ta koma baya, ta sake tsalle.

Mista Wilfred ya ɗaga ta. Ya cire lofe daga baki.

"Yu si. Ba laifin inji ba ne. Matanmu na ƙauye ihu suke yi wa na'ura. Murya marar tarbiyya tana fasa faifai tun daga ciki. Na ji tun a baitin farko, ban dai so in faɗa ba saboda Mama."

"Mu muka fasa?" in ji Kaka.

"Ba da gangan ba, Mama. Amma akwai dabara."

Ya laluba aljihu ya fito da kwabo, jan nan mai faɗi, ya ɗora a kan hannun, daidai saman allura. Ya ce haka manyan injiniyoyi ke yi. Ya mayar da allurar farkon baiti na huɗu.

Wannan karon ba ta yi tsalle ba. Nitsewa ta yi. Edna ta durƙusa har haɓarta ta kusa taɓa tebur, sai ta ga wani abu. Wani baƙin zare siriri, ya fi gashin jariri laushi, yana nannaɗowa a bayan allurar. Faifan ne. Allurar nome shi take yi. Sunayen ne ke fitowa a matsayin baƙin zare suna taruwa a bakin ƙarfe.

Ba ta san lokacin da ta sa yatsa ta ɗaga hannun ba.

"Ke! Edna! Wa ya ce ki..."

"Yaya Wilfred, ka sake sa shi sau ɗaya a haka, ba sauran baiti na huɗu a duniya."

"Kin san nawa... kin san daga ina injin nan ya zo?"

"Na sani. Ka faɗa min sau shida." Ta ɗauke kwabon ta miƙa masa. "Ina robar da ke kan farantin nan? Ba a haka ya zo ba. Akwai alamar inda ta kwanta."

Ya gyara naktaye. Sannan ya ce baƙar roba ba ta dace da falo ba, shi ya sa ya sa leshi. Robar tana nan, ba ta ɓata ba. Tana ƙarƙashin tukunyar fulawa a baranda.

"Gindin hannun fa, wa ya ɗaga shi?"

"Ni. Da a kwance ya zo kamar marar lafiya. Na ɗaga shi ya yi tsayuwar soja."

Edna ta gyaɗa kai a hankali, irin yadda take yi in mace ta kawo yadi ɗaya ta ce a fitar mata da riga da zane da ɗankwali.

"Ba ni minti talatin."

"Ba za a yi ba. Wannan ba keken ɗinki ba ne, mai diya, in ji Turawa."

Kaka ba ta ɗaga murya ba. "Kumai. Matsa."

Ya matsa. Amma ya ce zai tsaya ya sa ido, kuma duk abin da za ta yi sai da izininsa, domin shi ne ya san ka'ida.

Edna ta ɗauke faifan Kaka ta mayar cikin zane, ta ɗora a cinyar mai shi. Ta fita baranda ta ɗaga tukunyar fulawa, ta wanke robar da sabulu, ta goge, ta shanya a rana har ta bushe ƙayau. Ta shimfiɗa a kan faranti. Sannan ta je kan kantar faifansa ta zaro ɗaya, mai hoton Bature da hula da doki.

"Wannan kuma na me?"

"Na gwaji. In zan yi kuskure, gara in yi a kan doki."

Ta zazzage jakarta a ƙasa. Akwai ƙaramin sukudireban keke, da madubin hoda, da ƙunshin tsofaffin tikitin jirgi, 'yan kwalayen nan masu kauri da aka riga aka huda. Matar mai karɓar tikiti ke tara mata, tana naɗe ragowar zare a jiki. Abin da ya sa take son su, duk kaurinsu ɗaya. Na Zonkwa da na Inugu ba wanda ya fi wani.

Ta cire filogi daga bango. Ta sauke allura a kan faifan dokin yana tsaye. Ta jera tikiti ɗaya kan ɗaya a ƙarƙashin hannun, kusa da baki, har na sama ya shafi ƙarfen. Goma sha ɗaya. Ta matsar da jerin can baya, iyakar inda faifan ya kai. A nan sai da ta ƙara huɗu kafin ya taɓa.

"Ka gani? Gaba sha ɗaya, baya sha biyar. Allurarka ba tafiya take a layi ba, sara take yi kamar fartanya."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Mista Wilfred.

A gindin hannun akwai wani ɗan noti a ɓoye. Sukudireban keke ya shiga kamar don shi aka yi. Ta sassauta da rabin juyi, tana tallafe da gindin da ɗaya hannunta don kada ta faɗi gaba ɗaya. Ta sauke kaɗan. Ta ɗaure. Ta gwada. Sha uku. Ta sake. Ta wuce, ya koma goma, ta ja tsaki ta ɗaga.

Ana cikin haka jirgin kaya ya taso daga tasha. Kofuna suka fara kaɗawa a kabad, tebur na rawa. Edna ta ɗaga allura ta riƙe a iska, ta tsaya cak kamar mai ɗauke da cikakken kwano. Taragu arba'in da wani abu. Ba ta sauke ba har ƙarar ta nufi hanyar Kagoro ta ɓace.

A gwaji na biyar, gaba sha ɗaya, baya sha ɗaya. Ta kwantar da kunci a kan tebur ta hango. Hannun ya kwanta daidai da faifan, kamar layin dogo biyu.

"Yawwa," in ji Mista Wilfred. "Yanzu kin fara bin abin da nake nufi."

"Saura kan da ke riƙe da allurar," in ji Edna.

Ta ɗauke faifan dokin, ta cire madubin daga gidan hodarsa, ta kwantar a kan robar. Ta sauke allura a kai a hankali. Daga gaba ta leƙa. Allura biyu ne yanzu, ta sama da ta cikin madubi, baki da baki. Da a ce daidai suke, da sun zama sanda guda miƙaƙƙiya. Waɗannan kuwa sun yi gwiwa, kamar ƙafar kare. Kan ya murɗe zuwa hagu, ga alama wurin ɗagawa da ƙarfi.

Idonta bai isa ba. Ta juya. "Kaka, ara min tabaranki."

Tabaran Kaka irin na bayan aikin ido ne, kauri kamar gindin kwalba. Edna ta riƙe gilashi ɗaya a gaban allurar, ta matso da shi, ta ja baya, sai abin ya fito.

Ta manta da Mista Wilfred. Ta manta da Asabar.

Ashe allurar ba ƙarfe ba ce. A can ƙarshen wani siririn tsinke akwai ɗan dutse, fari, mai tsini, an fere shi ta kowane gefe, hasken taga na shiga ta ɗaya yana fita ta ɗaya. Bai kai ƙwayar acca ba. Wani mutum a wani wuri ya zauna ya fere wannan. Ta ɗauko faifan Kaka ta kai gilashin kansa, sai layukan nan da ido ke gani sumul suka buɗe suka zama kwari-kwari kamar gonar citta in an hango daga kan dutse. Kuma ba miƙaƙƙu ba ne. Kowane kwari yana lanƙwasa, yana karkarwa, nan ya yi faɗi, can ya tsuke. A wani wuri ya yi zigizag sosai, ta ce a ranta nan ne tulu ya buga. Wato muryar mace ke nan in an kwantar da ita. Mai wushirya tana nan, mai ɗingishi tana nan, kowace da lanƙwasarta, suna kwance gefe da gefe cikin baƙar roba shekara ashirin ba ci ba sha, suna jiran ɗan dutsen da bai kai acca ba ya bi ta kansu.

Kusa da tsakiya ta ga inda kwabo ya yi aikinsa. Layi biyar ko shida sun yi fari-fari a baki. Ba su mutu ba, amma sun ji jiki.

"Me kike gani?" in ji Kaka.

"Ku nake gani, Kaka."

"Muna da kyau?"

"Sosai."

Ta mayar da faifan, ta koma kan madubi. Ta sassauta zoben da ke riƙe kan, ta murɗa shi dama da kaurin gashi. Ta leƙa. Ta ƙara. Gwiwar ta miƙe, allura biyu suka zama ɗaya. Ta ɗaure tana riƙe da numfashi, don ɗaurewa ma tana iya karkatar da abu, ta san wannan daga keke. Sannan ta juya ƙarfen nauyi na wutsiyar hannun har hannun ya tsaya yana lilo a iska shi kaɗai, ta dawo da shi kaɗan-kaɗan har allurar ta sauka a kan farcenta da nauyin da bai fi na ƙuda ba. Ta share baƙin zaren da gefen ɗankwalinta.

Ta sa filogi, ta gwada da doki. Baturen ya buɗe baki, sai ga shi kamar yana tsaye a bayan labule. Har jan numfashinsa ana ji. Mista Wilfred ya kalli sifika ta hagu, ya kalli ta dama.

"Haka yake yi dama in ya yi zafi," ya ce.

Edna ta ɗauko littafin awonta da fensir ta ajiye a gefe. Ta ɗora faifan Kaka. Ba ta fara daga na huɗu ba. Ta sauke a farko.

Ƙas. Ƙas. Sai iska.

Iska ce ta fara shigowa falon, tana kaɗa ganyen ɗorawa. Can nesa zakara ya yi cara. Wata ta yi gyaran murya, wata ta yi dariya ƙasa-ƙasa aka ce mata ta yi shiru. Sai tulu ya buga, bum, har cikin ƙirji, kana jin tafin hannu na barin bakin tulun. Sai wata yarinyar murya ta ɗauka, sama, tsaf, ba tsoro a cikinta ko kaɗan, sauran suka amsa.

Kaka ta kai hannu wuyanta.

"Wace ce wannan?" ta ce. Sai kuma, "Ni ce."

Ba ihu suke yi ba. Ana jin kowace daban. Akwai mai kauri a hagu, akwai wadda ke shigowa a makare kullum, akwai mai kaɗa caki tana taka ƙasa. Mista Wilfred ya zauna a hannun kujera ba tare da ya duba gwiwar wandonsa ba. Matar maƙwabci da ke kwashe shanya ta tsaya a taga da zane a kafaɗa. Hasken yamma ya kwanta a kan faifan yana juyawa, hannun azurfa na shiga ciki a hankali, a kwance, ba ya ko girgiza.

Baiti na uku ya ƙare. Edna ta ɗauki fensir.

Aka ɗan ji shuu inda kwabo ya bi. Amma a ƙarƙashinsa yarinyar muryar ta fito.

Rifkatu. Mata suka amsa.

"Mai wushirya," in ji Kaka. "Rifkatu! Wayyo, Rifkatu."

Kasham. Damaris. Kuyet.

"Mai gishiri ke nan. Kuyet. Allah ya ba ki hutu, wakenki dai ba ya ciwuwa."

Edna na rubutawa, fensir na huda takarda. Bilhatu. Lois. Martina, nan yarinyar ta kira kanta tana dariya. Tabita. Takwas. Kaka tana maimaita kowane suna da ƙarfi, tana buga sanda a siminti, hawaye na bin kwarin fuskarta ba ta ko share ba.

Yarinyar ta ja numfashi za ta kira na tara.

Sai wata ƙara ta tsaga falon. Siririya, mai tsini, iiiiii, ta hau sama ta rufe muryar ruf. Mata suka amsa sunan da ba a ji ba.

Edna ta ɗaga allura da sauri. Takwas a littafi. Ta dubi notin, ta dubi kan, tana neman inda ta yi kuskure.

Mista Wilfred ya miƙe. Lofe ya koma baki, ya sake fitowa.

"Yu si! Yu si abin da nake gudu? Wannan ƙarar na san ta. Ta inji ce. Waya ce ta cikin hannu take kuka, kin murɗe ta. A Ingila da kunne ɗaya nake gane ta, har Baturen ya ce bai taɓa ganin irina ba. Ba daga faifai ba ne, ba daga mutum ba ne, ƙarfe ne zalla. In na yi ƙarya a canza min suna."

"Sake sa wurin," in ji Kaka.

"Mama, injin zai ƙone."

"Edna. Sake sa wurin. Kar ki ɗaga."

Edna ta mayar da allura baya kaɗan. Tabita. Jan numfashi. Iiiiii. Ta cije leɓe ta bar shi ya ci gaba. Ƙarar ta hau, ta tsinke, ta yi shessheƙa, ta sake hawa. Waƙar ta ƙare, tulu ya yi shiru, ƙarar ba ta daina ba. Sai aka ji ana jijjiga wani abu, ana bubbuga baya da tafin hannu. Wata mace, kusa da na'urar sosai, ta yi magana da yaren gida, a gajiye, da dariya a ciki:

"Haba, Kumai. Yi shiru mana. Yi shiru, Baba."

Allura ta shiga layin ƙarshe tana ƙas, ƙas, ƙas.

Kaka ta buga sanda sau ɗaya.

"Zigwai," ta ce. "Rubuta, Edna. Ta tara Zigwai ce. Tana gefena ta dama, da goyo."

Edna ta rubuta. Ta ƙirga daga sama zuwa ƙasa, ta sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama. Tara.

Mista Wilfred na tsaye a tsakiyar falo, lofe a hannu, baki a buɗe, yana kallon sifika. Zigwai, mahaifiyarsa, ta rasu yana da shekara uku. Bai taɓa jin muryarta da wayonsa ba.

Kaka ta karɓi tabaranta ta saka, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba waya ba ne, Kumai. Kai ne. Watanka bakwai, kana haƙori. Ranar ma ba ka bari an ji waƙa ba."